Tsare Rauni Daga Ƙwayoyin Cuta Bayan Aikin Mayar Da Mama

  

Yau za mu taɓa wata magana da ba kasafai ake yin ta a tsakar gida ba, in ma an yi sai an sassauta murya. Maganar matar da sankarar mama ta kama ce, likitoci suka cire mata maman, sannan aka yi mata aikin mayar da siffarsa ta hanyar sanya wata 'yar jaka a ƙarƙashin fata. Abin da muke so mu gane shi ne yadda za a tsare wannan wuri daga ƙwayoyin cuta bayan an sallamo ta daga asibiti ta dawo ɗakinta.

Wataƙila ki ce to ni ina ruwana, lafiyata ƙalau. Allah ya ƙara lafiya, amma ki ba ni aron hankalinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mata wajen miliyan 2 da dubu 300 aka gano suna ɗauke da sankarar mama a faɗin duniya, kimanin dubu 670 kuma suka rasu ta dalilinta. A nan Nijeriya ita ce cutar dajin da ta fi kama mata. In ba ke ba, to yayarki ce, ko ƙanwar maigida, ko abokiyar zama, kuma mun san jinya a hannunmu take ƙarewa. Ban da haka, yawancin abin da za ki ji yau zai amfani ko wadda aka cire wa mama ba a sa mata komai ba. Zan riƙa cewa "ke" ne kamar da mai ciwon nake magana, ke kuma mai jinya sai ki ɗauki naki.

Wane irin aiki ne wannan?

Idan aka cire mama, likita yakan kwashe naman da ke ciki, a wasu lokutan har da kan maman da kaluluwar hammata, ya bar fatar da ba ta kamu ba. A ƙarƙashin wannan fata, ko a bayan naman ƙirji, ake sanya jakar. Bayanta na wata roba ce mai taushi da ake kira silikon, cikinta kuwa ko dai silikon mai kauri kamar kamu, ko ruwan gishiri irin na asibiti. Wasu likitoci biyu ne, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka fara sa wa mace irin wannan jaka a birnin Houston na ƙasar Amurka a shekarar 1962, tun daga lokacin kuma ake ta inganta ta.

Wata matar a ranar da aka cire maman ake sa mata jakar, an gama ke nan. Wata kuma sai an bi mataki biyu. Da farko a sa mata jakar wucin gadi wadda ake ɗura wa ruwan gishiri da allura kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, har fata ta saki ta yi yalwa. Bayan wasu watanni sai a sake aiki a musanya ta da ta dindindin.

A ƙasarmu matan da ake yi wa wannan aiki ba su da yawa tukuna. Akan samu likitocin gyaran jiki a manyan asibitocin koyarwa, wasu iyalan kuma sukan fita da majinyaciyarsu Masar ko Indiya. Kuma ba dole ba ne. Akwai wadda ake ɗebo nama daga cikinta ko bayanta a gina mata, akwai mai sa abin cikawa a rigar mama, akwai wadda ta zaɓi ta zauna haka, duk daidai ne. Amma wadda ta zaɓi jaka, to lallai ta san abin da ke biye.

Me ya sa wurin ke saurin kamuwa?

Jikin ɗan Adam yana da dakarunsa masu yaƙar cuta, kuma a cikin jini suke yawo. Maganin da kika haɗiya ko aka yi miki allurarsa, shi ma jini ne ke kai shi inda ake bukata. To ita wannan jaka baƙuwa ce, babu jijiyar jini ko ɗaya a jikinta. Idan ƙwayoyin cuta suka samu suka manne mata, dakarun jiki da magani duk sukan sha wuya kafin su cim musu.

Kin san randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, yadda cikinta ke yin wani yauƙi mai santsi? Ko kin zubar da ruwan kin zuba sabo, yauƙin yana nan, sai kin sa soso kin dirje. Haka ƙwayoyin cuta ke yi a bayan jakar nan. Sukan yi wa kansu rufi mai yauƙi su ɓuya a ciki, magani ya zo ya wuce ta sama. Wannan ne ya sa idan abu ya yi nisa sai an koma ɗakin tiyata an wanke wurin, ko ma a fitar da jakar gaba ɗaya.

Sannan fatar da aka bari ta zama siririya, jinin da ke isa gare ta ya ragu, don haka ɗinki ba ya saurin kamawa kamar na sauran jiki. Ga kuma ruwa da ke taruwa a gurbin da aka kwashe nama, ruwa mai ɗumi a wuri rufaffe, irin abin da ƙwayoyin cuta ke so ke nan.

Daga ina suke zuwa? Galibinsu ba daga nesa ba. Waɗanda suka fi jawo wannan matsala ana kiran su istafilokokas, kuma a kan fatarmu da cikin hancinmu suke zaune, lafiyayye ma yana ɗauke da su ba su dame shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bakin ɗinki da ramin da tiyo ya fito su ne tsagar bangon, hannu kuma shi ke kai su ƙofa. A shekarar 2016, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kare raunin tiyata, ta ce a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kimanin mutum 11 cikin 100 da aka yi wa aiki raunin nasu yana kamuwa.

Abin da ake asara in haka ta faru ba kaɗan ba ne. A koma gadon asibiti, a sake kashe kuɗi bayan wanda aka riga aka kashe. In an cire jakar, sai an jira watanni kafin a sake gwadawa. Wanda ya fi duka nauyi shi ne, matar da ke jiran a fara mata maganin daji na ƙarin ruwa, wanda ake ce wa kemo, ko gashi da na'ura, sau da yawa dole a ɗage har sai raunin ya warke. Ita kuwa cutar daji ba ta jiran kowa.

Akwai waɗanda haɗarinsu ya fi na saura: mai ciwon suga, mai ƙiba sosai, mai shan taba ko shisha, wadda aka taɓa yi wa gashi da na'ura a wannan ƙirjin, wadda ke karɓar kemo, da wadda aka cire wa kaluluwar hammata. In kina cikinsu kada ki karaya, sai dai ki ninka kula.

Shiri tun kafin ranar aiki

Tun ran gini ran zane. Tsaron rauni yana farawa ne kafin a kai ga yanka.

Daren da za a wayi gari a yi aiki, da kuma safiyar ranar, ki yi wanka sosai da sabulu, ki kula da hammata da ƙarƙashin mama. In asibiti sun ba ki nasu sabulun na musamman, ki yi da shi yadda suka ce. Bayan wankan kada ki shafa mai, ko hoda, ko humra, ko turaren hammata.

Ga wata da ta shafe mu ƙwarai. Mun saba da aske hammata don tsafta, mace kuma ba ta so likita ya gan ta a hargitse, sai ta ɗauki reza ana gobe aiki. Kada ki yi. Reza tana barin ƙananan tsagogi da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su taru a ciki, ga shi kuma dab da inda za a yanka. In gashin zai hana aiki, su da kansu za su rage shi da injin aski.

Ki gaya wa likita in kina da maruru ko ƙurji a ko'ina a jikinki, ko haƙori mai ciwo, ko zafin fitsari, ko kumburi da ƙaiƙayi a ƙarƙashin mama. Gara a ɗaga ranar a magance su. Ki faɗa masa duk abin da kike sha, har da jiƙo da garin magani da sassaƙe, kada ki ji nauyi. Mai ciwon suga ta tabbata sugan ya daidaita, domin suga mai yawa a jini yana raunana dakarun jiki, yana kuma hana ɗinki kamawa. Mai taba ko shisha ta bari aƙalla mako 4 kafin aiki, ta kuma ci gaba da bari bayansa, saboda sinadarin taba yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, fatar da dama jininta kaɗan ne sai ta mutu ta yi baƙi.

Su ma likitoci suna da nasu. Sukan yi allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta jim kaɗan kafin a fara yanka, su wanke fata da magani, su wanke gurbin kafin su sa jakar. Kina da ikon ki tambaya a yi miki bayani, matambayi ba ya ɓata.

A gida kuma a shirya ɗaki. A wanke zannuwan gado a shanya a rana, a goge su in da hali. A tanadi riguna masu faɗi na auduga, masu buɗewa ta gaba, da sabulu, da tawul naki ke kaɗai, da ɗan littafi da biro, da ma'aunin zafin jiki. Wannan ma'auni ana samun sa a kemis, kuma zai yi miki aikin da tafin hannu ba zai yi ba.

Hannu da tiyo

An yi aiki lafiya, an sallamo ki. Daga nan ragamar ta dawo hannunki da na mai jinyarki.

Doka ta farko, babu hannun da zai kusanci bandeji ko tiyo sai an wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta. Ba irin wankin da muke yi in za mu ci tuwo ba. A cire zobe da awarwaro, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a ɗauki kamar daƙiƙa 40 zuwa minti guda, wani ya zuba ruwan da buta yana gangarewa, a goge da tsumma mai tsabta ko a bari ya bushe. Bayan an gama a sake wankewa. Mai jinya ta yanke farce, kuma ya fi kyau a ce mutum ɗaya ce ke wannan aiki kullum, wadda malamar asibiti ta nuna wa da idonta.

Za ki dawo da siririn tiyo ɗaya ko biyu da suka fito ta gefen ƙirji, kowanne da 'yar gorar roba a ƙarshensa. Aikinsa zuƙe ruwan nan da muka ce yana taruwa. Ana juye gorar sau 2 ko 3 a rana. A duba yawan ruwan a rubuta a littafi tare da lokaci, a zubar a masai, sannan a matse gorar kafin a toshe bakinta, domin matsewar ce ke sa ta zuƙa. Kada bakin ya taɓa hannu ko ƙasa. A maƙale gorar a jikin riga ƙasa da inda raunin yake, kada ta yi ta reto tana jan fata, kada kuma a ajiye ta kan tabarma ko daɓe.

Ruwan yakan fara da ja kamar jini, ya koma fatsi-fatsi, daga baya ya zama ruwan ɗorawa garai-garai. Wannan daidai ne. Yawanci tiyon kan yi mako 1 zuwa 3, kuma likitoci da dama sukan cire shi idan abin da ke fita a yini da kwana ya koma ƙasa da mililita 30, wato kamar cokalin cin abinci biyu. Kin ga amfanin littafin ke nan. Barin tiyo ya wuce lokacinsa hanya ce ta shigar cuta, don haka kada ki tsallake ranar komawa asibiti. In kuma ya zame ya fito da kansa, kada a kuskura a tura shi ciki. A rufe ramin da auduga mai tsabta a nemi likita.

Wanka, gashi da shafe-shafe

Bandeji yana so ya zauna a bushe. In ya jiƙe da ruwa ko zufa, ko ya ɗaye, a canza shi yadda aka koya miki, da kayan da asibiti suka bayar. Likitanki ne zai faɗi ranar da ruwa zai iya taɓa wurin. Kafin nan ki riƙa goge jiki da tsumma, ki wanke daga cibiya zuwa ƙasa. In ruwan rijiya ko na 'yan garuwa kuke amfani da shi, a tafasa a bar shi ya huce. Ba a dirza ɗinki da soso, ba a kuma jiƙa shi a cikin baho. Maganar wankan tsarki kuwa, an yi wa majinyaci sauƙi, akwai shafa a kan bandeji akwai taimama. Ki tambayi malamarki, kada ki jiƙa rauni saboda ɗari-ɗari.

Yanzu ga inda nake so iyayenmu da kakanninmu su saurara da kyau. Mun gaji gasa jiki da ruwan zafi, mai jego ta sani, wanda ya gurɗe ma ya sani. Da an ga kumburi sai a ce kawo tawul da tafasasshen ruwa. A wannan ƙirjin, a'a. Lokacin aiki an yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da sanyi, fatar ba ta ji kamar da. Za a iya ƙona ta har ta sale mai ita tana cewa ba zafi. Ƙuna a kan siririyar fata mai jaka a ƙarƙashi tana iya hudewa har jakar ta bayyana, daga nan kuwa sai cirewa. Haka kada ki tsuguna kan kaskon turaren wuta hayaƙi da zafi suna dukan ƙirji, kada ki matsa kusa da murhu, kada kuma a ɗora ƙanƙara.

Kada a shafa komai a kan ɗinki: man kaɗanya, man shanu, man zafi, zuma, toka, garin magani, lalle, ko kafso da aka fasa aka barbaɗa. Masu kawo su da kyakkyawar niyya suke kawowa. Ki karɓa ki yi godiya, ki ce likita ya hana, ki ajiye. Kaho da tsaga kuwa ko kusa, wanzami ba shi da aiki a nan.

Rigar mama ki sa irin wadda likita ya ce, marar ƙarfe a ƙasa, a riƙa wanke ta ana canzawa kullum, musamman lokacin bazara da zufa ke yawa. Ki kwanta rigingine da matashi a bayanki, cikin gidan sauro.

Aikin gida, 'yan dubiya da abinci

Daka, surfe, jan guga, wankin hannu, ɗaukar bokiti, goyo da ɗaga yaro, duk ki sauke su na kamar mako 4 zuwa 6, ko yadda likita ya ƙayyade. Aikin ƙarfi yana ƙara ruwan da ke taruwa, yana kuma iya ɓalle ɗinki. Wannan ba ya nufin ki kwanta kamar kayan wanki. Ki riƙa zagaya tsakar gida a hankali, ki yi ɗan motsa hannun da aka koya miki don kada kafaɗa ta sandare. Abokiyar zama da 'yan uwa, ga inda za ku samu lada: ku karɓe mata girki da wanki ba sai ta roƙa ba.

Dubiya al'adarmu ce mai kyau, amma a gaisa daga ɗan nesa. Ban da runguma, ban da "buɗe mu gani". Mai mura ko ƙurji a hannu ta aiko da gaisuwa. Yara ƙanana a lura da su kada su haye ƙirji ko su ja tiyo, kaji da awaki kuma a hana su shiga ɗakin.

Jiki yana bukatar abin gina nama kafin ya ɗinke kansa. Ki ci wake, ƙwai, kifi, nama, awara, kindirmo, zogale da 'ya'yan itace gwargwadon hali, ki sha ruwa sosai. Mai ciwon suga ta yi hattara da lemon kwalba da kayan zaƙin da 'yan dubiya ke kawowa.

In an ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki sha a kan lokaci har iya kwanakin da aka rubuta. In ba a ba ki ba, kada ki aika yaro kemis ya haɗo miki. Shan kafso barkatai yana danne alamun ciwo ya rufe wa likita ido, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Alamun da ba a kwana da su

Kowace safiya da yamma, bayan kin wanke hannu, ki duba ƙirjinki a wuri mai haske, da madubi ko da taimakon mai jinya. Ɗan kumburi da tsami da canjin launi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, matuƙar kullum raguwa suke yi. Abin da ake gudu shi ne wanda ke ƙaruwa. Ga su nan:

Ja da ke yaɗuwa a fata. A jikin mai duhun fata ba lallai ki ga ja sosai ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya ɗaure.

Wurin ya fi ɗaya gefen zafi in kin taɓa da bayan hannu.

Kumburin da ya taso da sauri, ko ciwon da ya dawo bayan ya lafa.

Mugunya, ko wari, ko ruwan tiyo ya yi kauri ya gurɓace.

Ɗinki ya buɗe, ko bakinsa ya yi baƙi, ko kin hango jakar.

Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni, ko rawar sanyi, ko kasala mai tsanani.

Ko ɗaya kika gani daga ciki, a ranar za ki nemi likitanki. In ja ne, ki zagaye iyakarsa da biro a kan lafiyayyar fata, don a gane ko yana faɗaɗa. In kuna da waya mai hoto kuma likita ya yarda, a ɗauka a tura masa, amma hoto ba ya maye gurbin zuwa.

Ki kula da wannan tarko. A wurinmu duk zazzaɓi maleriya ne, sai a sha maganinta da farasitamol a ja bargo a jira kwana uku. Ga mai jaka a ƙirji, kwana ukun nan su ne bambancin ciwon da magani zai kashe da wanda sai an fitar da jakar. Ko da maleriyar ce, a bari asibiti su gwada su faɗa, su kuma duba ƙirjin. Wadda ke karɓar kemo kuwa, zazzaɓi a wurinta na gaggawa ne ko da tsakar dare, domin maganin yana rage mata dakarun jini.

Kada kuma ki saki jiki don an cire zare. Ciwon yana iya tasowa bayan wata guda ko fiye, musamman lokacin da ake ɗura ruwa a jakar wucin gadi ko bayan gashi da na'ura. Masana sukan sa ido a kan irin wannan aiki har kwana 90, bayan haka ma duk canjin da kika gani ki kai. Wadda aka yi wa aiki a ƙasar waje, tun kafin ta taso ta karɓo takardun aikin da katin da ke nuna irin jakar da aka sa mata, a kuma san likitan da zai ci gaba da duba ta a gida.

Izini da kunya

Na bar wannan a ƙarshe ne don a nan aka fi yin tuntuɓe. Yawancinmu ba ma fita sai da izinin maigida. To idan zazzaɓi ya taso ranar da ya tafi kasuwar wani gari, wayarsa kuma ba ta shiga fa? Wannan magana tun kafin aiki ake gama ta. Ku zauna ke da shi, in da hali ya ji daga bakin likita, ya ba ki izini tun yanzu cewa duk lokacin da ɗaya daga alamun nan ta bayyana ki tafi asibiti ko ba ya nan. A san wanda zai raka ki, a san mai mota ko mai Keke Napep da za a kira, a ware kuɗin mota a ajiye a ɗakinki, a rubuta lambar asibiti a bangon littafin nan naki. Uwar miji ma a sanar da ita, don kada a tsaya jayayya a zaure.

Maigida, na san wani lokacin kana kusa da rediyon kana ji. Ka riga ka yi babban ƙoƙari, ka kashe dukiya, ka yi zarya. Kada jinkirin yini ɗaya ya rushe wannan duka. Izinin da ka bayar tun da wuri yana cikin maganin.

Sai kunya. Ciwo ne a wurin da muka saba rufewa, wata ko mijinta ba ta so ya gani bayan aiki, balle ta ce wani abu na fita yana wari. Sai ta yi shiru ta ƙara turare. 'Yar uwa, kamuwar rauni ba shaidar ƙazanta ba ce, tana faruwa ga mai tsafta ma, a manyan asibitocin duniya ma tana faruwa. Babu likitan kirki da zai yi miki faɗa don kin zo da wuri aka duba ba a ga komai ba. In namiji ne likitan kuma kina jin nauyi, ki nemi malamar jinya ta tsaya tare da ku, ko ki shiga da 'yar uwarki, wannan haƙƙinki ne. Ke kuma mai jinya, in kin lura tana ɓoye-ɓoye, ko ta daina cin abinci, ko jikinta da ɗumi, ki tambaye ta a keɓe cikin lallashi.

Kafin mu rabu, ga abin da nake so ki riƙe ko kin manta saura: a wanke hannu kafin a taɓa, kada a gasa kuma kada a shafa komai, a rubuta ruwan tiyo, a duba ƙirji safe da yamma, in an ga canji a tafi a ranar. Ke da ba a yi wa aiki ba, ki riƙa duba mamanki, in kin ji ƙullutu ko kin ga wani canji ki garzaya asibiti tun abu yana ƙarami.

Waɗanda ke kwance Allah ya ba su lafiya, masu jinya Allah ya saka musu da alheri. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, a gaida yara, a huta lafiya.